Fenti da shafen kariya a jikin koton yaudara

Koton yaudara ɗan guntun itace ne, ko roba, ko ƙarfe, da ake sassaƙawa da siffar ƙaramin kifi, a rataya masa ƙugiya, a jefa shi ruwa ana jan zare a hankali har babban kifi ya ɗauka abinci ne ya kai masa cafka. Bayan sassaƙa da toshe itacen, aiki biyu ne ke saura: fenti, wanda ke ba koton kama da ƙyalli, da kuma shafen kariya, wato garai-garai ɗin da ake lulluɓe shi da shi a ƙarshe don kada ruwa ya shiga itacen, kada kuma haƙorin kifi ya kankare fentin.

Asali

Wannan koto ba ya cikin kayan su na gado a ƙasar Kabi. Kabawa da Sarkawa sun fi sanin homa da gora, da taru, da birgi, da kalli, da mamari, sai fatsa mai koton tana ko ɗan kifi. A gasar kamun kifi ta Argungu, wadda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa ta cikin al'adun gado na duniya a 2016, homa da gora ake shiga kogin Matan Fada da su. Inda koton yaudara ke da amfani shi ne ruwa mai faɗi da zurfi, irin kogin Neja ta wajen Yawuri da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968. Can ne ake samun kifaye masu farautar 'yan uwansu, musamman giwan ruwa da tsage.

A ƙasashen waje sana'ar daga hannun masunta ta taso. James Heddon na garin Dowagiac a jihar Mishigan ta Amurka ya fara sassaƙa koton itace a ƙarshen ƙarni na 19. A 1936 wani masunci ɗan Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli irin ta cakulan, sannan ya narkar da tsofaffin fim ɗin hoto ya shafe shi. Wato tun farko da tarkacen gida aka soma, kuma matakan da ya bi, jiki da ƙyalli da rufi, su ne ake bi har yau.

Toshe itace kafin fenti

Nan ne mafi yawan sababbin hannu ke yin sakaci, domin aiki ne da ido ba ya gani bayan an gama. Masu wannan sana'a a Turai da Amurka sun fi son itacen balsa saboda rashin nauyinsa. A nan, itatuwa marasa nauyi irin rimi da gurjiya da malaina suna iya maye gurbinsa, amma dukansu masu shan ruwa ne, rimi ya fi. Idan ruwa ya samu ƙofa ko da ta bakin wayar ƙugiya ce, itacen zai kumbura daga ciki, ya tsaga fentin da shafen gaba ɗaya, koton ya yi nauyi ya daina rawar da aka sassaƙa shi dominta.

Saboda haka sai itace ya bushe sarai, a goge shi da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, a saka darmar da za ta daidaita shi a ciki, a toshe ramin. Daga nan a shayar da shi abin toshewa: sufa gulu mai ruwa-ruwa, ko banish ɗin kafintoci da aka tsinka, ko ifoksi siriri, wato gam mai haɗi biyu. Ana bari ya bushe, a sake gogewa, a sake shafawa. A wannan matakin ake gwada koton a ruwa, tun ba a ɓata fenti a kansa ba. In ya karkata gefe ko ya ƙi nutsewa yadda ake so, gyara yana da sauƙi yanzu.

Launi da ƙyalli

Ana fara da farin fenti a matsayin shimfiɗa, don launin da zai hau kai ya fito. Wanda ke son ƙyalli sosai kan manna takardar alminiyam a gefe biyu, ya murza ta da bayan cokali har ta kwanta, ya danna mata zanen ɓawon kifi da jikin ƙusa mai zare. Wata dabara ita ce a naɗe koton da guntun gidan sauro ko soson wanka mai raga, a fesa fenti ta sama. In an cire ragar sai ga ɓawo jere. Fentin feshi na gwangwani ya wadatar, haka ma fentin akirilik da ake shafawa da buroshi. Ƙaramar bindigar feshi ta fi ba da laushin haɗuwar launi, amma ba dole ba ce.

Tsarin da ya fi yawa shi ne na kifin gaske: baya duhu, gefe azurfa, ciki fari, kamar kawara ko ƙaramar karfasa. Ana ɗiga ido da kan ƙusa, fari ko rawaya da baƙi a tsakiya, wasu kuma su ja jan layi a wajen kunne.

Ruwa yana cinye launi daki-daki. Ja ne ke fara ɓacewa, domin ko a ruwa mai tsabta in an kai kamar mita 5 ya koma duhu. Sai ruwan lemo, sai rawaya, kore da shuɗi su ne ke kaiwa ƙasa. A Rima da Neja lokacin damina, sa'ad da ruwa ya yi jawur da laka, haske ba ya nisa ko kaɗan, kifi ya fi dogara da motsin da yake ji ta layin da ke gefen jikinsa, da kuma inuwar abin da ke wucewa. A irin wannan ruwa baƙi da fari, ko zinariya, ko rawaya mai haske, sun fi zane mai ƙawa aiki. Da rani, in ruwa ya kwanta ya washe, sai launin azurfa mai kama da na gaske ya fi karɓuwa. Giwan ruwa na da ido mai tara haske, shi ya sa yake farauta da asuba da almuru, kuma ƙyalli kaɗan ya ishe shi. Yawancin ƙawar da ake yi wa koto, in za a faɗi gaskiya, mai shi take burgewa fiye da kifin.

Shafen kariya

Abin da aka fi yarda da shi shi ne ifoksi, gam mai haɗi biyu irin Araldite da ake samu a shagunan kayan gini da na kayan mota. Ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Sinadaran biyu ne ke haɗuwa su daskare. Don haka awo ya zama daidai yadda aka rubuta a jikin kwalin, galibi ɗaya da ɗaya, a kuma gauraya sosai har da na gefen mazubi. In awon ya kuskure ko gaurayawa ta gaza, shafen zai zauna da danƙo har abada, ko an shanya shi a rana. Mai kamawa cikin minti 5 bai dace ba: yana daskarewa kafin ya baje, kuma yana saurin komawa rawaya. Mai minti 30 ko wanda ya fi shi jinkiri ya fi.

Da yake yana gangarowa kafin ya kama, sai an riƙa juya koton. Wasu kan haɗa ɗan injin mai juyawa a hankali, sau 5 ko 6 a minti. Inda wuta ba ta tsayawa, a riƙe shi da filaya ana birkitawa da hannu har ya daina kwarara. Ƙananan kumfa kan fashe in an hura musu iska mai ɗumi. Kafin a kai shi ruwa a ba shi aƙalla yini ɗaya da kwana, kwana uku ya fi. Ifoksi ya ɗan fi ruwa nauyi, saboda haka shafe mai kauri na iya nutsar da ƙaramin koton da aka yi don ya yi iyo, ko ya kashe masa rawa.

Banish da man farce marar launi sun fi araha, sai dai siraran rufi ne da ke bukatar hawa uku ko fiye, kuma ba sa jure haƙorin tsage. Tsage kan huda ko da ifoksi, abin da ya sa toshe itacen tun farko ya fi komai muhimmanci. Kiliya mai haɗi biyu, wato shafe marar launi da masu fentin mota ke rufe fenti da shi, tana da ƙarfi da sheƙi, amma tururinta na cutar da huhu, ba a fesa ta sai a fili da abin rufe hanci na gaske.

Yanayin Kabi da kurakuran da yake jawowa

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Birnin Kebbi da kewaye. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikin ifoksi da kusan rabi, don haka da sassafe ake haɗa shi, kaɗan-kaɗan, a shimfiɗaɗɗen murfi ba a ƙoƙo mai zurfi ba, domin in ya taru wuri ɗaya yana ɗumama kansa. Da hunturu ƙura ce matsala, sai a kife kwali ko roba a kan koton har ya kama. Da damina laima kan sa banish da fentin feshi su yi hazo-hazo.

In shafe ya dare ya bar ƙananan ramuka, maiƙon hannu ne ko na inji. Maganinsa a daina taɓa koton da yatsa bayan fenti. In fenti ya yamutse a ƙarƙashin rufi, ko dai bai bushe ba, ko tina, wato ruwan tsinka fenti, da ke cikin na sama ta cinye na ƙasa, shi ya sa ake fara gwada haɗin a guntun katako. Ifoksi kan sa wasu mutane ƙaiƙayin fata in sun daɗe suna taɓa shi, sai a sa safar hannu, a kuma ajiye darma da tina nesa da yara da kwanukan abinci. Idon waya da gam ya toshe ana buɗe shi da tsinin wuƙa kafin a maƙala ƙugiya.