Hular haske da ke leƙa ƙwaƙwalwar mai shanyewar ɓarin jiki

Wai da gaske haske na ratsa ƙoƙon kai?

Yana ratsawa, amma ba kowane haske ba. Wanda ake amfani da shi yana gaba kaɗan da jan launi, ido ba ya ganinsa. Frans Jobsis na Jami'ar Duke a Amurka ne ya nuna haka a 1977, kuma a farkon shekarun 1990 aka fara bibiyar aikin ƙwaƙwalwa da shi. Ana kiran dabarar fNIRS.

Me take aunawa?

Jini take aunawa. Duk sashen ƙwaƙwalwar da ya kama aiki, bayan 'yan daƙiƙoƙi jini mai iskar oksijin kan kwararo masa. Jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya sauke ta ba sa shan haske iri ɗaya. Sai a sa wa mutum hula mai ƙananan fitilu da na'urorin karɓa, tazarar kusan santimita 3 tsakaninsu, kwamfuta ta lissafa hasken da ya dawo.

Ga MRI, me ya kawo wata hula?

A cikin MRI, babban injin maganaɗisu da ke ɗaukar hoton cikin jiki, kwanciya ake yi, ba motsi. Shi kuwa mai fama da shanyewar ɓarin jiki, tafiyarsa da ɗaga hannunsa su ne abin kallo. Da hular zai iya takawa ana ganin abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi. Ichiro Miyai da abokan aikinsa a Japan sun gwada haka a farkon shekarun 2000 kan injin tafiya. Sun ga cewa da tafiyar marasa lafiya ta gyaru, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya samu rauni ya ƙara karɓar rabonsa na aikin, maimakon lafiyayyen ya ɗauke nauyin. A ganina amfaninta ke nan: mai gashin ƙashi ya gane ko atisayen na isa inda ake so.

Ina gazawarta?

Hasken bai wuce saman ƙwaƙwalwa ba, alhali sau da yawa raunin yana can ciki. Baƙin gashi mai kauri ma yana shanye shi, don haka mai kitso sai an sha aiki kafin fitilun su taɓa fatar kai.

Za ta maye gurbin hoton CT?

A'a. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya mutu farat ɗaya, asibiti za a garzaya da shi a yi masa CT, wato hoton cikin kai, don a gane ko jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa ko fashewa ta yi. Maganinsu ba ɗaya ba ne.