Durowar kuɗi ta kanti: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Ina da na'urar POS ta Moniepoint ko OPay, durowar za ta haɗu da ita?

A'a. Waɗannan na'urorin hannu na karɓar kati ne da tura kuɗi, ba su da ramin jona durowa. Durowar da ake magana a kai ta tsarin kanti ce: kwamfuta ko tabalet, manhajar sayarwa, firintar rasit, sai durowa a ƙasa. In na'urar hannu kaɗai gare ka, sayi durowa mai buɗewa da makulli ka huta.

A kwamfuta ake jona ta?

A firinta. Duba bayanta, za ka ga rami irin na wayar tarho ta da, wani lokaci da rubutun DK a kusa. Firinta ce ke aika wutar da ke sakin sakata.

Wace girma zan saya?

Auna kantarka kafin ka fita kasuwa. Wadda aka fi samu faɗinta kimanin santimita 41 ne, ƙaramar kuma kimanin 33. Ka auna har filin da za ta fito in ta buɗe, don kada ta riƙa bugun cikin kashiya.

Duk durowar da na saya za ta yi aiki da firintata?

Nan ne mutane ke asarar kuɗi, don haka Alhaji ka karanta a natse. Amsar ita ce wataƙila, kuma ya danganta da abubuwa da dama.

Na farko ƙarfin wuta. A cikin durowa akwai ɗan naɗin waya mai zama maganaɗisu in wuta ta shige shi, shi ke jan sakata. Wani an yi shi don wuta mai ƙarfin volt 12 (12V), wani don 24V. Manyan firintoci masu takarda milimita 80, irin Epson TM-T20 da TM-T88, 24V suke bayarwa. Ƙanana na kan tebur masu takarda milimita 58 da yawansu 12V ne, amma ba duka ba, sai ka karanta takardar da ta zo da taka. In ka haɗa durowar 24V da firintar 12V, sau da yawa za ka ji ɗan ƙas amma ba ta fito ba, ko ta buɗe yau gobe ta ƙi. In kuwa durowar 12V ka ɗora wa 24V, za ta buɗe da ƙarfi har ka ji daɗi, alhali naɗin yana zafi, wata rana ya ƙone, kuma yana iya tafiya da ramin firintar. Akwai durowoyin da ke karɓar duka biyun. In mai shago ya ce maka haka, ya nuna maka a rubuce a ƙasan durowar ko a kwalinta.

Sai wayar jonawa. Kanta RJ12 ne, mai siraran wayoyi 6. Wayar tarho takan shiga ramin daidai, amma yawanci 2 ko 4 ne a cikinta, kuma jerinsu ba lallai ya dace ba. Wasu kamfanoni, kamar APG, suna sayar da waya daban gwargwadon irin firinta, kuma kawunanta biyu ba ɗaya ba ne, akwai na ɓangaren firinta akwai na durowa. In ka juya ta, shiru za ka ji.

Ko da waɗannan sun daidaita, manhaja ce ke ba da umarni. A saitin firinta ko na manhajar akwai inda ake zaɓar buɗe durowa kafin buga rasit ko bayansa, da zaɓin fil na 2 ko na 5, wato wace ce cikin wayoyi shidan nan za ta kai wutar buɗewa. Yawanci na 2 ne. Durowa da yawa da ake mayarwa shago wai ta lalace lafiyarta ƙalau, ba a kunna wannan saitin ba ne. Kada hankalinka ya tashi, gyaran minti biyu ne.

Firintocin aljihu masu batir da Bluetooth kuwa akasari ba su da ramin ma. A nan sai durowa mai USB, ko ɗan akwatin da ke shiga tsakanin USB da durowa, shi ma sai in manhajarka ta san da shi. Shawarata: fara sayen firinta, ka ɗauke ta zuwa wurin mai durowa, a jona a gabanka ta buɗe sau goma kafin ka biya.

In an ɗauke wuta fa?

Makulli. Shi ya sa ba a ajiye shi a cikin durowar, amma kullum sai an samu mai yin haka. Yawancinsu makulli biyu suke zuwa da shi: ɗaya a hannun mai kanti, ɗaya a gida. Kwaɗon kan tsaya a wuri uku: kulle gaba ɗaya, buɗewa da umarnin firinta, da buɗewa da hannu. Barin makulli a jiki duk yini ya kashe amfanin tsarin, domin ba lallai manhaja ta san an buɗe ba.

Gida nawa ya kamata ta kasance da shi?

An ƙera su ne don ƙasashen da ke amfani da sulalla, shi ya sa za ka ga gidan takarda 4 ko 5, na sulalla 5 ko 8. A Najeriya takardun kuɗi iri 8 ne, daga naira 5 zuwa 1000, sulalla kuma ba mai karɓa. Ɗauki mai gida 5 wadda ake iya matsar da shingayenta: 1000, 500, 200, 100, sai kuɗin leda a na ƙarshe. Takardun 100 zuwa 1000 tsawonsu milimita 151 ne, faɗi 78, to tafi da ɗaya ka gwada ta kwanta ba tare da lanƙwasa ba. A Nijar, inda takardun sefa 5 ne kuma sulalla na yawo, yadda ta zo ya isa.

Mai araha da mai tsada ba duk ɗaya ba ne?

Ja ta ka ji. Mai kyau a kan boris na ƙarfe take gudu, mai araha a kan tayoyin roba da ke cinyewa, musamman in ƙurar hunturu ta shiga. Duba maƙalan da ke danne kuɗi, na ƙarfe mai sifirin ya fi na roba daɗewa. APG na cewa durowarsu samfurin Vasario ta jure buɗewa miliyan 1 a gwaji, Series 4000 kuma miliyan 4. Kantin magani na unguwa ba ya buƙatar ta miliyan 4, babban kanti mai layi yana buƙata.

Zan iya barin cinikin yini ya kwana a ciki?

Haba malam! Sukundireba ɗaya ta isa ta ɓalle ta. Cire farantin kuɗin da dare, ka bar durowar a buɗe, don ɓarawo ya ga babu komai kada ya fasa ta. Ka kuma ɗaure ta da ƙusa mai zare a jikin kanta, in ba haka ba ɗaukarta za a yi gaba ɗaya.