Tambayoyi da Amsoshi Kan Cire Tsohon Gam Daga Kayan Katako Na Da

Me ya sa sai an cire tsohon gam kafin a sake haɗa kujera ko tebur?

Gam yana kama katako ne ta hanyar shiga ƙananan ƙofofinsa, don haka idan busasshen gam ya toshe su, farin gam na zamani zai zauna a bisa kawai, mahaɗar ta sake yin lako-lako bayan 'yan watanni.

Ta yaya za a gane irin gam ɗin da ke jiki?

Wannan ce tambaya mafi muhimmanci. Yawancin kayan da aka ƙera kafin tsakiyar ƙarni na 20 an haɗa su da gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashin dabbobi. Launinsa ruwan zuma ne, kuma idan ya tsufa yana farfashewa kamar ƙanzo. A ɗiga masa ruwan ɗumi, a jira mintuna kaɗan, sannan a taɓa. In ya yi danƙo a yatsa, to shi ne. Wanda ruwa bai motsa shi ba, galibi wani mai gyara ne ya sa shi daga baya.

To, yaya ake cire shi?

Gam ɗin fata zafi da laima ne maganinsa, domin yana narkewa a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Ana naɗa tsumma mai ɗumi a kan harshen katakon, wato ɓangaren da ke shiga rami a mahaɗar, a bar shi ya jiƙa, sannan a goge da tsohon buroshin haƙori, ramin kuma a kankare shi a hankali da siririn itace. Farin gam yana yin laushi da ruwan khal, amma a kiyaye, domin khal ɗin da ya haɗu da ƙarfe yana baƙanta wasu katakan. Sifirit kuwa yana cinye tsohon shafen da ke ba kayan ƙyalli.

Ba za a iya amfani da sanfefa don a yi sauri ba?

A ganina wannan ne kuskuren da ya fi ɓata kayan tarihi. Sanfefa ba ta bambanta gam da katako, kuma da zarar harshen ya rame, ba zai ƙara cika raminsa ba.

Yaushe za a sake haɗawa?

Sai katakon ya bushe sarai, aƙalla kwana guda a inuwa. Idan gam ɗin fata za a mayar, ɗan saura ba ya hana komai, tunda sabon yana narkar da tsohon su zama ɗaya, kuma mai gyara na gaba zai iya kwance mahaɗar ba tare da ya fasa katakon ba.