Allon fedojin jita da na'urar sauya hanya

Allon fedoji faifai ne na katako ko na alminiyom da mai kaɗa jitar lantarki yake jera ƙananan akwatunan canza sauti a kansa, ya haɗa su da waya, ya ba su wuta daga wuri guda. Ana ce wa kowane akwati feda domin da ƙafa ake taka shi, kamar fedar keke. Na'urar sauya hanya kuwa akwati ne mai tsawo da ke zama a gaban allon, shi ke yanke hukuncin fedar da sauti zai bi da wadda zai tsallake. A Maradi masu kiɗan biki da mawaƙan sitidiyo ne suka fi buƙatar wannan haɗi, kuma a nan wuta da ƙura da zafi sun fi tsadar feda tasiri a kan ingancin sautin.

Asali

Fedojin farko na fuzz, wato masu kaurara sauti, sun fito a shekarun 1960: Maestro Fuzz-Tone a Amurka a 1962, Fuzz Face a Ingila a 1966. Kamfanin Boss na Japan ya fara fitar da ƙananan fedojinsa a 1977, kuma girmansu, milimita 73 faɗi da 129 tsawo, shi ake aunawa da shi har yau idan ana yanka allo. A shekarun 1970 Pete Cornish ya riƙa ƙera wa manyan makaɗan Ingila, irin su David Gilmour da Brian May, alluna da aka haɗe komai a cikin akwati ɗaya. A shekarun 1980 Bob Bradshaw a Los Angeles ya yaɗa tsarin ajiye na'urori a gefe, makaɗi yana juya su da ƙafa daga nesa. Na'urorin kasuwa na yau, kamar Boss ES-8 mai madauki 8, wato hanyoyi 8 na haɗa feda, daga wannan tunani suka fito.

Jerin fedoji

Tsarin da aka saba bi shi ne: fedar saita tsirkiya, sai wah-wah mai sa jita ta yi kamar tana cewa “wa-wa”, sai mai daidaita ƙarfin sauti, sai masu kaurara shi, sai masu kaɗa shi kamar koras, sannan mai maimaitawa da mai amsa-kuwwa a ƙarshe. Idan mai maimaitawa ya rigayi mai kaurarawa, kowane maimaici zai sake murƙushewa, sautin ya zama kunu. Wannan al'ada ce, ana iya karya ta da gangan. Wadda ba a karyawa ita ce ta Fuzz Face da ire-irenta: dole ta ji jitar kai tsaye, ba wata feda a tsakani, in ba haka ba sautinta ya yi tsini, kuma rage murya daga jikin jitar ya daina tausasa ta.

Abin da na'urar take magancewa

Sautin da ke fita daga jita rarrauna ne, kuma kowace mita ɗaya ta waya tana da riƙon caji kusan pikofarad 100 da ke shanye siririn sauti. Waya mai mita 6 daga jita zuwa allo, da wata mai mita 6 daga allo zuwa amfilifaya, sun kai wajen pikofarad 1,200 kafin a lissafa gajerun wayoyin tsakanin fedoji. Kunne yana jin wannan, sautin ya dushe kamar an rufa wa lasifika zane. Ƙari a kan haka, fedoji 6 a jere jak 12 ke nan, wato ramukan da ake soka waya, kuma idan ɗaya ya saki, duk allon ya yi shiru a tsakiyar biki.

Na'urar sauya hanya tana ba kowace feda madaukinta, wato kafar aikawa da kafar dawowa. Idan madaukin yana kashe, sauti yana wucewa ta ɗan guntun waya a cikin akwati, bai taɓa fedar ba sam. Fedar da ta lalace sai a tsallake ta da taku ɗaya. Matsalar doguwar waya kuma ana rage ta da bafa, ƙaramin da'ira da ke karɓar sauti ba tare da ya yi masa nauyi ba, ya fitar da shi da ƙarfin tura waya. Yawancin fedojin Boss suna da bafa ko suna kashe, don haka fedar saita tsirkiya irin TU-3 a bakin shiga ta wadatar, sai dai in akwai Fuzz Face, ita ce za ta rigaye ta.

Na'ura mai madauki 4 da makunnin ƙafa

Wannan ita ce ta fi dacewa da wanda bai taɓa haɗawa ba, kuma duk mai gyaran rediyo a Maradi zai iya gyara ta. Ana buƙatar makunnin ƙafa 4 irin 3PDT masu ƙafafu 9, jak 10 na milimita 6.35 (biyu ga kowane madauki, ɗaya na shiga, ɗaya na fita), ƙananan fitilun LED 4, rezista 4 masu kilo-om 4.7, rezista 8 masu mega-om 1, kafar wuta ɗaya ta milimita 2.1, siririyar waya mai launi uku, da akwatin alminiyom mai tsawon santimita 30 zuwa 35. Akwatin roba ba ya yi, domin ƙarfen shi ne garkuwar da ke tare guna, wato gurnanin wuta da ake ji a lasifika. Ramin makunni milimita 12 ne, na jak kusan 10. Tsakanin makunni da makunni a bar santimita 7, gama wanda ke sanye da faffaɗan takalmi zai taka biyu lokaci guda idan sun matsu.

Ƙafafun makunnin layi uku ne a tsaye, kowane layi ƙafa uku, kuma ta tsakiya ita ce uwa: ko ta haɗu da ta sama, ko da ta ƙasa. A layin hagu, sautin da ya shigo yana zuwa tsakiya, ta sama ta tafi kafar aikawa. A layin dama, ta sama tana karɓa daga kafar dawowa, ta tsakiya ta miƙa sauti ga makunni na gaba. Ƙafar ƙasa ta hagu da ta dama ana haɗa su da guntun waya, ita ce hanyar tsallakewa. Layin tsakiya na fitila ne: tsakiyarsa a kai ga wayar ƙasa, wadda masu gyara ke kira mas, samansa ga gajeriyar ƙafar LED, ƙasansa kuma a ja shi zuwa kafar aikawa. Wannan waya ta ƙarshe mutane da yawa suna mantawa da ita. Ita ce ke toshe bakin feda idan madaukin yana kashe, don kada mai kaurara sauti ta riƙa tsuwa ita kaɗai, tsuwar ta yoyo cikin hanya. Doguwar ƙafar LED tana bi ta rezista mai kilo-om 4.7 zuwa volt 9, abin da ke ba ta kusan miliamfa 1.5. Ga mai kiɗa a fili da rana wannan hasken ba ya isa, sai a sauka zuwa kilo-om 2.2.

Wurin liƙi a yi hattara. Dalma mai haɗin 60/40 da ƙarfen liƙi mai wat 30 zuwa 40 sun isa. Ƙafafun makunnin a cikin gam suke dashe, idan ƙarfe ya wuce daƙiƙa 3 a kai gam ɗin ya saki, ƙafar ta riƙa motsi, makunnin ya riƙa aiki yau ya ƙi gobe. A fara shafa dalma a kan waya da kan ƙafar daban-daban, sannan a haɗa su da taɓi ɗaya. Liƙi mai kyau yana sheƙi. Wanda ya yi toka-toka ya dunƙule, a sake shi.

Rezistoci masu mega-om 1 ana liƙa su daga bakin kowace kafar aikawa da ta dawowa zuwa mas. Aikinsu zubar da ɗan cajin da kafasitar feda ke yoyowa, wanda shi ke sa a ji “ɗas” a lasifika duk lokacin da aka taka.

Na'ura mai ajiye tsari

Makunnin ƙafa yana juya madauki ɗaya ne kawai. Mawaƙin da ke son kashe biyu ya kunna uku a cikin bugu ɗaya sai ya koma ga rile, wato makunnin da lantarki ke juyawa. Kowane madauki yana samun ƙaramin rile na sigina mai hanya biyu, mai naɗin waya na volt 5, irin Panasonic TQ2 ko Omron G6K. Manyan rile masu shuɗin jiki da ake saya don kunna ƙwan lantarki ba su dace ba, domin bakinsu yana son wuta mai yawa kafin ya kama sosai. Arduino Nano, ƙaramin allon kwamfuta, ke karanta maɓallan ƙafa, ya ajiye tsare-tsaren a ma'ajiyarsa mai kilobayit 1 wadda ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke. Bai kamata ya ja rile da kansa ba, sai ta ULN2803, jerin taransista mai hanya 8, wanda ke da diyod ɗin kariya a ciki. Idan an yi amfani da taransista guda-guda, a gitta diyod 1N4148 a kan kowane naɗi, in ba haka ba wutar da naɗin ke maidowa ta kashe taransistan. A cikin shirin da aka rubuta wa Arduino a sa jinkirin milisakan 20 zuwa 50 bayan kowane taku, saboda bakin maɓalli yana rawa kafin ya zauna.

Naɗin TQ2 ɗaya yana jan kusan miliamfa 28, takwas sun haura 220. Idan mai daidaita wuta 7805 ne ke sauko da volt 9 zuwa 5, zai ƙona kusan wat 1 ya zama zafi, dole a ɗaura masa ƙarfen sanyaya. Mas ɗin rile da na sauti a raba su, su haɗu a wuri ɗaya tak. Fedojin dijital masu karɓar MIDI, tsarin aika umarni tsakanin kayan kiɗa da ya fito a 1983 mai tasha 16, ana iya aika musu lambar tsari daga 0 zuwa 127 da wannan takun. Aibi ɗaya ya shafi na'urorin biyu: kashe madaukin mai maimaitawa yana datse wutsiyar sautin nan take. Wanda ke son wutsiyar ta mutu a hankali ya ajiye wannan feda bayan na'urar, a wajen madauki.

Wuta

A nan ne yawancin alluna ke mutuwa. Galibin fedoji volt 9 na DC suke ci, kuma tsinken tsakiyar filoginsu shi ne mai ragi (−), wato akasin adaftar yawancin kayan gida. Adaftar da ta shiga ramin ba lallai ta dace ba. A duba zanen da ke jikinta, a auna da mitar auna wuta. Haka wayoyin USB masu ɗaga volt 5 zuwa 9 da ake haɗawa da fawa-banki, yawancinsu tsakiyarsu mai ƙari (+) ce, kuma suna sa siririyar tsuwa.

Fedar kaurara sauti ta analog ba ta cika wuce miliamfa 20 ba, manyan fedojin dijital kuwa suna cin 250 zuwa 500. A tara jimillar, a ƙara kashi 25 cikin 100. Waya ɗaya mai rassa tana isar fedojin analog, amma da zarar dijital ta shiga layin sai hayaniyarta ta bi mas ta shiga sauran, don haka kowace dijital ta samu kafar da aka keɓe mata. Fuzz mai taransistan jamaniyom irin na da, mas ɗinta mai ƙari ne, haɗa ta a layi ɗaya da sauran yana gajarce wutar baki ɗaya. Batir ya fi mata.

Wutar NIGELEC volt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Adaftar da ta zo daga Amurka mai rubutun 110 ko 120 kaɗai za ta ƙone nan take, a nemi mai rubutun 100–240. Kayan da suka biyo ta Kano da Katsina kuma da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa suke zuwa, soket ɗin gidaje kuwa mai ramuka zagayayyu ne. Gara a canza filogin gaba ɗaya da a dogara ga ƴar mahaɗa mai lilo. A wurin biki da janareta, a sa sitabilaiza a gaba, kuma kada a kunna allo sai injin ya zauna. Batirin sola mai volt 12 da aka sauko da shi zuwa volt 9 ta mai daidaita wuta 7809 yana ba da wuta mafi tsabta, babu guna ko kaɗan, amma a sa fis kusa da batirin.

Allon kansa

Kafinta zai yanka katako mai kaurin milimita 12, santimita 60 da 30, ya ɗaga bayansa da santimita 6 zuwa 8 don adafta ta ɓuya a ƙasa, ya huda ramukan wucewar waya. A fara jera fedojin a kan kwali da filoginsu a jiki kafin a yanka, saboda filogi yana cin wuri fiye da yadda ido ke zato. Wayar wuta da ta sauti kada su kwanta tare. Inda dole su haɗu, su gitta juna. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana narkar da gam ɗin maƙale-mata da ke riƙe feda a kan allo har fedar ta zame, don haka a danne shi da ƙananan kusoshi ko a ɗaure fedar da igiyar roba. Wannan zafin yana kuma karkatar da taransistan jamaniyom, sautin ya riƙa yankewa. Fuzz mai silikon ta fi jure rana. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa da bakin jak, allo yana buƙatar murfi, kuma da feshin wanke haɗin lantarki ake tsabtace su, ba da man inji ba.

Neman aibi

Idan sauti ya ɗauke, a haɗa jita da amfilifaya kai tsaye tukuna, sannan a kashe duk madaukai, a riƙa kunna su ɗaya-ɗaya. Gajerun wayoyi su ne suka fi yawan laifi. Guna mai kauri da ba ta canzawa ko an rage muryar jita alama ce ta mas ya zaga ta hanya biyu, abin da ke faruwa idan an haɗa amfilifaya biyu, ko aka bi da madauki ta bayan amfilifaya. Maganinsa ƙaramar taransifomar keɓewa a hanya ɗaya, da jak masu jikin roba a wannan madaukin. Kada a yanke wayar ƙasa ta filogin amfilifaya don kashe guna: tsirkiyar jita a haɗe take da mas, kuma idan wuta ta yoyo a cikin amfilifayar, ta hannun mai kiɗa da leɓensa a kan makirufo za ta bi.