Ƙungiyoyin manoma da wakilcin noma marar sinadari a jihar Maraɗi

Noma marar sinadari, wanda ma'aikatan furoje ke kira "biyo", shi ne noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin ƙwari na kanti, sai taki na gargajiya, toka, ruwan bedi da makamantansu. A jihar Maraɗi ta Nijar, mafi yawan masu magana da yawunsa a gaban hukuma ƙungiyoyin manoma ne na gama-gari, waɗanda gero da wake da gyaɗa da riɗi suka fi damunsu a kan takardar shaidar biyo da kasuwannin Turai ke nema.

Asali

Tushen wannan wakilci yana cikin rigimar itatuwa. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa wasu itatuwa, har da gawo, cikin kariyar gwamnati, kuma wanda ya sare su ba izini tara ce ke jiransa. Sai manomi ya ga itacen gonarsa ba nasa ba ne, yakan tuge tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa ma'aikatan gandun daji. Bayan farin 1973, an yi ta dashen itatuwa da kuɗin agaji, mafi yawansu suka mutu. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi, wanda matsayarsa ta ɗauki sunan birnin.

A wajajen 1983 ne Tony Rinaudo, masanin noma daga Ostareliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne. Aikin ba wuya: a lokacin sharar gona, manomi ya duba kututturen sabara ko kalgo, ya zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙwari, ya datse sauran da adda, ya bar su su miƙe. Mutanen ƙauye suka raɗa masa suna sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon cimaka, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka bari, amma waɗanda suka riƙe nasu suka fara samun itacen wuta da harawa da ƙarin damman hatsi, maƙwabta suka gani suka bi.

A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutane suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka ƙunshi maza da mata da makiyaya, suka tsara tararsu ta gida ga mai sata da dare. Irin waɗannan kwamitoci, tare da hakimai da masu bincike, su ne suka dinga matsa wa hukuma ta sakar wa manomi itacensa. Doka ta biyo baya sannu a hankali: ƙa'idojin kundin karkara na 1993, dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani ita kanta. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake yin kore a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Hanyoyin wakilci

Hanya ta hukuma ita ce zauren manoma na jiha, CRA, wanda ke cikin tarayyar RECA mai cibiya a Yamai. RECA ta yi fice wajen fitar da jerin magungunan ƙwari da ke yawo a kasuwanni, da yawansu masu shigowa ta iyakar Najeriya ba tare da amincewar kwamitin Sahel mai tantance su ba. Piya-piya, da ake zuba wa wake a rumbu, yana cikin waɗanda aka fi gargaɗi a kai.

Akwai kuma dandalin manoma na ƙasa, PFPN, wanda ke cikin ROPPA, gamayyar manoman Afirka ta Yamma da aka kafa a Kwatano a 2000, da dandalin Raya Karkara mai haɗa ƙungiyoyi da masana kan noma mai kare ƙasa. A Maraɗi kanta, tarayyar FUMA Gaskiya ta fi shiga da gwaji a gona kafin magana a zaure. Matan ƙungiyar sun gwada takin fitsarin da aka adana na tsawon makonni, wanda suka sa wa suna "oga" don kawar da ƙyama, a gonakinsu na gero da ke nesa da gari, inda takin dabbobi ba ya kai wa.

Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankoloɗo sun ba ƙungiyoyin wata hujjar: yaƙi da murzuna, tsutsar zangarniyar gero, ta hanyar amfani da wani ɗan ƙaramin zanzaro. Ana kiwonsa cikin ƙananan buhunan algarara da tsabar hatsi, a rataye su a rassan itatuwa kusa da gonaki lokacin da gero ya fitar da kai.

Saɓani

Ana jayayya kan tallafin takin zamani. Wasu manoma na ganin ƙasar jigawa ta gaji har takin gida kaɗai ba ya isarta, wasu na neman a karkata wani kaso na tallafin zuwa takin gargajiya da irin gida. Akwai kuma masu cewa murya ta masu ba da kuɗi ce fiye da ta manomi.

Halin yanzu

Tarayyar Afirka ta yanke shawarar goyon bayan noma marar sinadari a 2011. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu masu ba da agaji sun dakatar da tallafinsu, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025.