Wa ke karanta miki kwalbar magani a gida?

A ɗakin shan maganin da nake aiki a cikin birnin Kano, idan na miƙa wa uwa magani na gama yi mata bayani, abin da na fi ji shi ne, "To Sista, in na manta Abba zai duba mini." Abban nan ɗan aji huɗu ne a firamare. Shi ake aika kyamis, shi ke karanta rubutun jikin kwali, wani lokacin har maƙwabta shi suke kira. Tunda nauyin ya riga ya hau kansa, ya kamata mu duba wane irin Turanci muka ba shi.

A makaranta ana koya musu "head" da "eye" da "nose", suna rerawa suna taɓa jikinsu. Madalla. Sai dai ba su ne ake rubutawa a jikin kwalba ba. Wata rana aka kawo mana yarinya da ƙyanda ta yi wa feshi, muka haɗa da ruwan kalamin na shafawa don ƙaiƙayi. Ruwan hoda ne a kwalba, kamar sirof. Washegari uwar ta dawo tana cewa yarinyar ta ƙi sha. Allah ya kiyaye, cokali ɗaya aka ɗura mata ta tofar. Yayanta ya karanta "for external use only" tiryan-tiryan, bakinsa bai ko sarƙe ba, amma bai san ana nufin a shafa kawai, kada a sha ba. Ni ma na ɗauki rabona na laifin, don layi ya yi tsawo ranar, bayanina a gurguje na yi shi.

Daga nan nake roƙon iyaye da malamai su fara da kalmomin kwali. "Teaspoon" ƙaramin cokali ne mai mililita 5, "tablespoon" kuwa babba ne mai mililita 15, wato ninki uku, kuma a ido kalmomin biyu kamar Hassan da Hussaini suke. "Twice daily" sau biyu a rana, safe da dare. "Shake well" a girgiza kafin a zuba. Haruffan EXP ranar lalacewar magani suke nunawa, yaro ya saba dubawa tun a gaban mai kyamis, tare da lambar NAFDAC. Idan takardar gishirin gudawa ta ORS ta ce "one litre", ya san leda biyu ke nan ta ruwan leda mai santilita 50.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne wuraren da Hausa da Turanci ba su raba jiki iri ɗaya ba. Mu "hannu" muke cewa daga kafaɗa har yatsu, su suna da "arm" da "hand". Haka ƙafa, "leg" da "foot". Bahaushe ya ce zuciyarsa na tashi, amai yake ji, ba ruwan zuciya a ciki. Yaron da ya fassara wannan kalma da kalma a gaban likitan da ba ya jin Hausa, ya ambaci "heart", ya karkatar da hankalin likita wani waje daban, alhali "nausea" ake nema. Irin waɗannan likitoci kuwa ana samunsu, musamman masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga Kudu, ko a manyan asibitoci irin na Murtala da na Malam Aminu Kano. "Cold" a bakin likita mura ce, ba ciwon sanyin da mata ke nufi ba. "Fever" zazzaɓi ne kawai, ba ya zama maleriya sai gwaji ya nuna. Wuya "neck", maƙogwaro "throat": wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi mana ɓarna a Kano a 2023 ya san amfanin yaro ya iya nuna takamaiman inda ke masa zafi idan ya haɗiyi yawu.

Hausar ce gaba. Yaron da bai san haƙarƙari ko ƙoda da harshensa ba, Turancinsu haddar aku zai zama. A faɗa masa da Hausa, ya taɓa wurin, sannan a ba shi Turancin. Kalma biyu a rana ta isa, a wajen wanka ko kafin a tafi Islamiyya. Kwalayen maganin da suka ƙare kada a zubar, a cire abin ciki a ba shi kwalin ya karanta, ya faɗi ma'anar da Hausa. Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ja baya, ita ke riƙe da rabin darasin. Ta ambaci Hausar, yayyensa su kawo Turancin.

Wanda ke da sikila ko asma, ko wani magani da jikinsa ba ya karɓa, a tabbata ya iya faɗin haka da harsunan biyu, musamman idan makarantar kwana za shi.

Amma fa karatu ne aikin Abba. Auna magani da bayar da shi na babba ne, kwalbar kuma a ɗora ta inda hannun ƙannensa ba ya kaiwa. In abin da ya karanta ya saɓa da abin da kika ji daga bakina, kada ki ba da komai, ɗauko kwalbar ki dawo mu duba tare.