Lailak ɗin dajin Kaliforniya, ɗan'uwan magarya: tambayoyi da amsoshi

Wane irin tsiro ne wannan?

Ƙaramin icce ne mai yawan rassa, masana na kiran sa Ceanothus ophiochilus. Sai a 1989 aka gano shi kusa da tafkin Vail, a gundumar Riverside ta kudancin Kaliforniya a Amurka, aka raɗa masa suna a 1991. Mutanen can na ce wa danginsa lailak ɗin daji saboda kamannin furen, alhali lailak na ainihi, wani icce mai fure mai ƙamshi, dangin zaitun ne. Shi wannan gidansu ɗaya da magarya da kurna.

Yaya ake gane shi?

Ganye za ka fara dubawa, don shi ne ba ya ruɗi. Siriri ne, tsawonsa bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, yana fitowa biyu-biyu suna kallon juna a jikin reshe. Iccen da wuya ya wuce mita 2. Wajen Fabrairu da Maris yake fure, shuɗi mai haske, wani lokaci da ɗan ruwan hoda.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen maƙwabcinsa, Ceanothus crassifolius, mai faffaɗan ganye mai kauri, da farin gashi a ƙarƙashi. Su biyun suna barbara, sai a samu icce mai ganye tsaka-tsaki, ba nan ba can. A ganina, duk wanda ya dogara da fure kaɗai zai sha ruɗewa.

A ina yake fitowa?

A busassun gangaren tuddai da dorayensu, kan ƙasa mai tsakuwa da ta samo asali daga dutsen fairoksinait, wadda ba ta da wadatar sinadarin fosfaras. Wurare ƙalilan aka san shi a duk duniya: gefen tafkin Vail da dajin Agua Tibia.

Me ke yi masa barazana?

Gobarar daji, idan ta yi ta maimaituwa. Wuta na kashe shi ƙurmus, ba ya sake toho daga gindi, sai dai irin da ya zube a ƙasa ya tsiro bayan gobara. In wata wutar ta dawo kafin sababbin su girma su zubar da nasu irin, shi ke nan, tudun ya rasa shi. Ga kuma gine-gine da ke matsowa. A 1998 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana, kuma abin da ciwo a ce shekara 9 kacal ke tsakanin gano shi da shigarsa wannan jeri.